Gadon da ya ƙi kwantar da Baba

Jama'a, yau gadon gidan likita ya sa ni kuka! Innalillahi, Baba ya rasu ɗazu da hantsi.

Gadon irin mai moter ne, ana danna madanni sai wani ƙarfe ya tura kan gadon sama ko ya janyo shi ƙasa. Da safe Baba ya ce a ɗaga shi zaune, yana son ganin ƙofa, ƙanena na tafe daga Mirriya. Na ɗaga shi. Sai wuta ta ɗauke!

Can ya ce, "Na gaji, ku kwantar da ni."

Inna ta danna, shiru! Manjo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ce moter ba ya motsi sai da wuta, bari ya nemo masu kama Baba a sake masa gado. Kafin ya dawo Baba ya cika, a zaune, idonsa a ƙofa.

Ashe Inna ba ta saki madannin ba. Muna cikin salati wuta ta dawo, gado ya soma sauka da shi a hankali!

Inna ta gyara masa hula, ta ce, "To Malam, ga shi an kwantar da kai."