Yadda Na Raba Ƙanena da Ƙararrawa

Ni ne mai laifi, kuma tun a lokacin na san abin da nake yi. Na faɗa maka tun yanzu don kada ka nema mini uzurin ƙuruciya. Har gobe in na ji an buga ƙarfe da ƙarfe, ko a tashar trotro ne, motocin hayarmu, sai abin ya dawo mini sabo.

Ƙararrawar sukul ɗinmu a unguwar Zongo tsohon wilin babbar mota ne, rataye a reshen mangwaro, ana buga shi da guntun ƙarfe. Rana ɗaya aka sa mu sukul ni da ƙanena, aji ɗaya, don shekara guda kawai na ba shi. Ni in na zauna kamar an dasa ni. Shi kuwa bai san zama ba. Ƙafarsa na kaɗawa, idonsa na taga, in an tambayi wani shi ne zai amsa tun ba a ƙarasa tambayar ba. Fensir ba ya kwana biyu a hannunsa. Shekara uku bulala ce abincinsa.

A aji huɗu muka samu wani dattijon masta, mutumin Asante mai furfura, wanda ke jin Hausa kamar a Zongo aka haife shi. Bai taɓa dukan ƙanena ba. Ya dawo da shi gaba, kusa da teburinsa. In ya ba mu lissafi goma, shi biyu-biyu yake ba shi. In ya ga ƙafar ta fara rawa, sai ya ce, "Tashi ka share mana allo." Ko ya aike shi ɗebo alli. Yakan bar shi ya yi karatu a tsaye. Daga baya ya danƙa masa ƙararrawa.

A daminar nan ƙanena ya fara karatu. Ina tuna mu muna tsallake kwata a hanyar gida, yana karanta rubutun bayan motoci da ƙarfi, yana dariya.

Ni kuma zuciyata tana tafasa. Ni nake zuwa na ɗaya, kuma a al'ada na ɗaya ke buga ƙararrawa. Ni nake rubuta sunayen masu surutu, kullum nasa ne a sama, kullum masta ya ninke takardar ya zura a aljihu.

Wata rana bayan la'asar, Baba yana tsakar gida yana yayyafa wa goro ruwa yana naɗe shi a ganye, na tsuguna gabansa.

"Baba, masta ya mai da ɗanka boyi. 'Ya'yan mutane suna karatu, shi yana shara da aike."

Ban faɗi cewa ya fara karatu ba. Na kuma san inda na taɓa, don Baba yakan ce ubansa ya yi dako a garin nan ne don kada jikokinsa su yi.

Kaka tana gefe tana tsince wake. Ta ce, "Yaron nan da ƙafa yake ji. Ku ƙyale shi da mutumin da ya gane shi."

Baba bai ji ba. Da safe ya tasa mu har aji. Masta ya ce, "Alhaji, ɗanka ba ya ƙin karatu, zaman ne ke cin sa."

"A'a. Ya zauna kamar ɗan kowa." Sai Baba ya juyo gare ni. "Ba kai ka ce ba ya koyon komai ba?"

Na gyaɗa kai. Masta ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓi guntun ƙarfen daga hannun ƙanena ya miƙo mini. Na buga ƙararrawa har ƙarshen shekara.

Ƙanena ya zauna. Karatun ya tsaya. Da muka shiga aji biyar bulala ta dawo, kafin aji shida Baba ya kai shi koyon gyaran mota a Suame, unguwar makanikai. Yau yana da garejinsa, yana gane ciwon inji da kunne, amma duk takardar da ta zo masa ni yake kawo wa, har ya yi mini godiya.

Bara 'yata ta fara irin nasa. Likita ya ce lalura ce mai suna ADHD, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, jiki ba ya son zama, kuma ba rashin tarbiyya ba ne. Ya rubuta wa malamarta shawara: a zaunar da ita gaba, a ba ta aiki kaɗan-kaɗan, a bar ta ta motsa, a riƙa aikenta. Na karanta a tsaye a bakin asibiti, na kasa ɗaga kai. Yanzu abin yana da suna da takarda. Dattijon nan ba shi da ko ɗaya, kuma ya rasu ban je ba.

Daga asibitin na wuce garejin ƙanena, na tarar da shi ƙarƙashin wata mota. Ya fito yana goge hannu, ya miƙo mini wayarsa.

"Yaya farfesa! Allah ya kawo ka. Karanta mini saƙon nan, kwastoman ya ƙi yin magana, sai rubutu."

Na karɓa, na kife ta a kan benci.

"Ka tuna ranar da Baba ya je sukul?"

"Ranar ƙararrawata? Wa zai manta?"

"Masta ba boyi ya mai da kai ba, hanya ya samar maka. Ni na kai ƙarar, ina sane ka fara karatu, don ina son guntun ƙarfen nan. Da ban kai ba, da yau da kanka za ka karanta saƙonka. Na cuce ka, ƙanena. Don Allah ka yafe mini."