Hannun Inna Mai Tsumma

Shekara ashirin da shida Inna Mai Tsumma ta yi tana goge daɓen zauren wasanninmu. Sha tara daga ciki ina zaune a teburin rubuta maki, taku huɗu tsakanina da kujerarta. Saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin wani na ji ba.

Mijinta ne mai gadin zauren. Da ya rasu ya bar ta da ’ya’ya uku, sai aka ba ta aikin shara don kada a tashe su daga ɗakin da ke bayan ginin. Gajeriya ce ƙwarai, kanta bai wuce ƙirjin ’yan wasan ƙwallon raga ba. Sukan tsokane ta, su ce ko a ɗaga ta ta ga abin da ke bayan raga. Ita kuwa takan ce su yi ta tsallensu, duk wadda ta hau sama a ƙasa za ta same ta.

Aikin nata yana da ƙa’ida. Daɓen katako ne mai sheƙi, kuma ’yar wasa in ta zube rub da ciki don tare ƙwallo, sai ta bar zanen jikinta na gumi. Wadda ta taka wurin, ƙafarta ta tafi. Tsakanin usur ɗin tsayawa da na ci gaba daƙiƙa takwas ne, a cikinsu Inna za ta ruga da tsumma biyu, ɗaya a kowane hannu, ta durƙusa, ta shafe, ta koma. Ba ta taɓa sanin wa ke cin wasa ba. Idonta a ƙasa yake. Wani koci ya taɓa raɗa mata cewa ta riƙa sassauta hannu a ɓangaren baƙi, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce gumin baƙuwa da na ’yar gida santsinsu ɗaya. Bai sake ba.

A shekararta ta ƙarshe aka kawo mana gasar mata ta ƙasashe takwas. Ƙungiyar ƙasarmu ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. Zauren na mutum dubu uku ne, aka cusa masa fiye da dubu biyar. Shugaban masu goyon baya, wanda ake kira Sarkin Ganga, ɗan ƙanen Inna ne, ƙato mai shekara talatin da wani abu. Ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke jinya. Tun kafin a fara shi da mutanensa suka sa wa wata doguwar baƙuwa ido, mai lamba tara a riga, domin ita ce ke narka mana ƙwallo kamar tana sara da gatari.

A zagaye na biyar, na ƙarshe, wanda ake ci da maki sha biyar, baƙi na da maki sha huɗu, mu sha uku. Lamba Tara ta tashi sama ta buga, kyaftin ɗinmu ta tashi tarewa. Ƙwallon ya daki fuskar kyaftin ya fita waje, su biyun suka dira tare a ƙarƙashin raga, ƙafa a kan ƙafa. Ƙarar da na ji irin ta busasshen ice ce in an taka shi. Ƙashin kyaftin ya huda safa ya leƙo. Alƙalin wasa ya busa usur, ya miƙa hannu ɓangaren baƙi, wasa ya ƙare. Ko Lamba Tara ta tsallaka layin tsakiya, wanda laifi ne a wasan, ko ba ta tsallaka ba, har yau ana gardama. Ni a lokacin idona na kan takarda.

Kwalba ta farko ta fashe a teburina ƙarfe shida saura minti takwas. Sai duwatsu, sai kujeru. Aka ciro benci aka jefo daga bene, ya sauka a bayan wani mataimakin alƙali mai riƙe tuta, bai ƙara motsi ba sai da aka ɗauke shi. ’Yan sanda takwas ne kacal. Suka kewaye alƙali da ’yan wasan baƙi, suka ja su ta babbar ƙofa zuwa mota, kulki na tashi yana sauka. ’Yan wasanmu suka ɗauki kyaftin suka bi su. Babu wanda ya tsaya ƙirga kai.

Lamba Tara na kwance gindin raga, ta riƙe idon sawunta, ita ma ta gurɗe. Kusa da ita Inna ce a durƙushe tana goge jini, don usur ya tsaya, kuma in usur ya tsaya aikinta ke nan. Ta ɗaga kai ta ga mutane na tsallako shinge. Sai ta yar da tsumman, ta cusa kafaɗarta ƙarƙashin hammatar yarinyar, ta ja ta zuwa lungun ɗakunan sauya kaya. Ni ma can na nufa, takardar maki a ƙirjina, jini na bin goshina.

Lungun dogo ne, taku talatin, daɓensa tayil, ba shi da mafita. A ƙarshensa akwai famfo da ƙaramin sito inda Inna ke ajiye kayan aiki. Ta tura yarinyar ciki, ta juyo gare ni.

“Malam, ajiye takardar nan, ɗauki bokiti.”

Ta farke buhun garin sabulu da haƙori, ta zazzage rabi a bokiti biyu da ke cike da ruwa, sauran ta watsa a ƙasa. Na kwara ɗaya, ta kwara ɗaya, ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana busar da ƙasa, a cikin minti guda ta mai da lungun nan kamar bayan tarwaɗa.

Sai ta tura ni cikin siton. Ƙofar falanki ce marar kauri, ba ta da sakata ta ciki, kwaɗo ake sa mata ta waje. Dole wani ya tsaya waje. Na ji ta danna kwaɗon, sai ga makulli ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya daki takalmina. Na ɗauka, na sa ido a wata tsaga.

Sarkin Ganga ne a gaba, da ƙafar kujera ta ƙarfe a hannu. A guje ya shigo. Taku uku ya yi, ƙafafunsa suka yi sama, bakinsa ya daki tayil. Na bayansa suka hau kansa, su ma suka zube. Wani ya faɗa kan kwalbar da ke hannunsa, ta tsaga masa tafi. Ruwan sabulun ya koma ja. Suna tashi suna faɗuwa, suna zagin juna, na baya na turo na gaba. Wajen mutum ashirin ne. Minti biyar cur suka ɓata kafin waɗansu su gane cewa sai da rarrafe.

Shida suka iso. Inna na tsaye, bayanta a jikin ƙofa, ta dunƙule hannun dama ta manna a ƙirji yadda kowa zai gani. Ɗan ƙanenta ya dafa bango ya miƙe, haƙoransa biyu na gaba babu, jini har wuyan riga.

“Gwaggo, ba ni makullin. Ba da ke muke ba.”

“Da wa kuke? Da ’yar mutane mai ƙafa ɗaya? Kai da na wanke wa kashi, yau ka zama namiji.”

“Ta karya mana kyaftin, Gwaggo.”

“To zo ka karɓa.”

Bai iya ba, ya tsaya yana haki. Wani mai jar hula ne ya ture shi, ya shaƙo Inna ya buga ta da ƙasa. Biyu suka danne ta, suka shiga ɓamɓarar yatsunta. Ba su buɗu ba, hannu ne da ya shekara ashirin da shida yana matse tsumma. Mai jar hula ya shimfiɗa hannun a kan tayil ya taka da dunduniyar takalmi. Ya sake takawa. Na ƙirga har bakwai. A bayana Lamba Tara ta cusa hannun kwat ɗina a baki ta cije don kada kukanta ya fita. Ba ta jin harshenmu, ba na jin nata. Makullin yana tafina, ya huda min fata, kuma na san da zarar sun ga hannun Inna babu komai, kafaɗa ɗaya ta ishi ƙofar nan.

Inna ba ta yi ihu ba, gurnani kawai take yi. Da mai jar hula ya karɓi ƙarfen kujera ya ɗaga, sai Sarkin Ganga ya yi kukan kura ya rungumo shi, suka zame tare, kan mai hular ya bugi bakin famfo ya dare. Suna cikin wannan kokawa hayaƙi mai sa hawaye ya shigo lungun, ’yan sanda sun dawo da ƙari, domin sai a mota kocin baƙi ya ƙirga ’yan wasansa ya ga ɗaya ba ta nan. Na duba agogo. Shida da minti tara.

Kafin in turo makullin waje, wani sajan ya ɓalle kwaɗon da gindin bindiga, aka fitar da yarinyar a kan kafaɗa. Da aka zo wucewa da ita ta gaban Inna ta yi ta miƙa hannu tana faɗin wata kalma guda, ba wanda ya san ma’anarta. Washegari jirgi ya tafi da baƙin, ba su tsaya wasan ƙarshe ba. Na ji an ce ta warke, ta ƙara shekara shida tana wasa.

A asibiti sai da aka sa wa Inna allurar barci kafin likita ya buɗe hannun. Ya gaya min ƙashi tara ne suka karye, ya kuma tambaye ni abin da take ɓoyewa haka, don shi bai tarar da komai ba. Hannun ya warke a ƙanƙame, bai ƙara matse tsumma ba. Hukumar zauren ta sallame ta, amma ta bar mata ɗakin. Ƙanenta ya yi shekara biyu ba ya gaishe ta saboda haƙoran ɗansa. Ɗan kuwa ya jingine ganga, kuma shi ne ke zuwa duk ranar hutu ya yi mata wanki har ta rasu. Ban taɓa jin sun tayar da maganar ba.

Kwana uku bayan abin na je duba ta, na ajiye mata makullin a gefen gado. Fuskarta a kumbure, ido ɗaya ne ke buɗuwa. Na ce mata yarinyar ta isa gida lafiya. Ta gyaɗa kai. Na fara ba ta labarin abin da jaridu suka rubuta, sai ta katse ni.

“Malam, an wanke sabulun lungun nan kuwa? Gobe yara na da atisaye, ta nan za su bi.”

Ba a wanke ba. Na ɗauki makullin, duk da an ɓalle kwaɗonsa, na koma zauren, na naɗe hannun riga, na ɗebi ruwa.