Mama a Layin Baya

A tsakiyar shekarun saba'in, talabijin ɗaya ne a duk unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Kafanchan, kuma a gidan wani direban jirgin ƙasa yake, wanda kowa ke kira Baba direba. Mutumin kirki ne, sai dai yana son a san da hakan. Da yamma ta yi sai ya sa a ɗora akwatin a kan taga yana fuskantar tsakar gida, ya yaye mayafin leshin da matarsa ta ɗinka masa, mu kuma mu yi ta shigowa kowa da kujerarsa a ka. Eriyar tana bisa wata doguwar gora. In an juya ta gabas a kamo Jos, in an juya ta arewa a kamo Kaduna, kuma ban taɓa ganin an juya gorar nan ba tare da ran wani ya ɓaci ba.

Dattawa labarai suke so, wanda wani mai doguwar hula ke karantawa fuska a murtuke, sai ka ce shi aka yi wa duk laifin da ke cikin duniya. Samari kokawar Turawa ce tasu. Mata kuwa wasan kwaikwayon Kaduna suke jira, na wani tela da ba ya gama ɗinki a kan lokaci, kullum yana ɓuya ƙarƙashin tebur masu kaya suna nemansa. Ni a lokacin ban cika ashirin ba, ina koyarwa a firamaren mishan, kuma ba abin da ke kai ni sai matar da ke sanar da shirin da zai biyo baya. Ɗaurin ɗankwalinta nake zuwa sata.

Mama ba ta zuwa. Akwatin zaman banza take kiransa, ta ce wanda ya wuni yana kankare citta ba shi da idon kallon wasu suna wasa.

Yayana ne ya canza wannan, shi da ba ya ma garin. Shi ne ɗanta na fari. Sun yi faɗa da Baba, mahaifinmu, a kan gonar citta, shi yana son koyon kanikanci, Baba yana son hannu a gona, maganganu suka yi zafi a gaban mutane, washegari ya hau jirgi. Damina biyu ta wuce ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sai wata rana wani Alhaji mai sayen cittarmu, wanda iyayensa ma da kakanninmu suka yi ciniki, ya ce ya gan shi a Jos yana aiki a wani otal, yana ɗaukar kwalabe a ɗakin da ake kallon talabijin. Kawuna ya bi sawu, ya tarar Yaya ya koma wani otal ɗin, ba wanda ya san wanne. Baba kuwa ya hana kowa sake zuwa.

"Wanda ya tafi da ƙafansa, da ƙafansa zai dawo," in ji shi.

Daga ranar Mama ta rasa zama. Ta ɗora tukunya ta manta da gishiri, ta fita ƙofar gida duk sa'ad da jirgin Jos ya yi kuka, ta dawo ta ce wai kaji ta je dubawa. Ni kaina zirga-zirgarta ta hana ni sukuni, har nakan yi mata tsawa, daga baya in ji haushin kaina.

Ana haka, wata Lahadi pasto ya sanar a coci cewa tashar Jos tana gayyatar matan zumuntarmu su je su yi waƙa a shirin yammacin Lahadi. Mama ce mai ba da waƙa a zumunta, ita ke ɗagawa sauran su amsa. Na juya na dube ta a bencin mata, na ga ta dafe ƙirji. Da yamma muna kankare citta a bayan ɗaki ta gaya mini abin da ke ranta, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Yana aiki wurin da akwatin nan yake, ko ba haka Alhaji ya ce ba? To zai gan ni. In ya ga fuskana, zai san ni ban yi fushi da shi ba. Zai zo."

Waƙar da ta zaɓa da yarenmu ce. Muryar niƙa ce tun asali, wadda take rerawa a kan dutse tun Yaya yana goye a bayanta, daga baya matan zumunta suka sa mata kalmomin yabon Ubangiji. Makonni suka yi suna gwaji. Aka ɗinka anko, aka gasa sababbin tulunan kiɗa, Mama ta sa na koya mata ɗaurin ɗankwalin matar nan mai sanarwa, ita da ke cewa na lalace da kallo. Na tsokane ta har ta jefe ni da muciya.

Na raka su Jos a jirgi, tulu ɗaya a cinyata nannaɗe da zane. Duk tsawon hanya Mama ba ta ci komai ba. Da muka sauka, idonta yana kan kowane saurayi da ya gifta, har ta kusa afkawa cikin kwata.

Ɗakin ɗaukar hoton ba shi da taga, ga fitilu masu zafi kamar bakin murhu. Mai gabatar da shirin ya shigo, mutumin da muke gani kowace Lahadi da farar riga da murya mai sanyi. Ashe gajere ne, ga hoda a fuskarsa ta fi ta amarya. Matan suka yi ta zungurar juna. Aka jera benci, suka zauna yadda suke zama a coci tun kafin a haife ni: tsofaffi a gaba, matar pasto a tsakiyarsu, masu bi musu a baya, masu tulu a gefe. Mama ta wuce layin ƙarshe ta tsaya, domin a nan take tsayawa kullum. A wurinmu mace ba ta shiga gaban iyayen mijinta ta juya musu baya, ko da ita ce mai ba da waƙa. Daga baya take ɗagawa, muryar ta bi ta kan kowa.

Mai gabatarwa ya tambayi wace ce mai ba da waƙa. Aka nuna masa ita.

"Mama, ki fito nan gaba," ya ce, yana nuna wani zanen alli a ƙasa, gaban tsofaffin. "Nan ne na'urar za ta fi kama ki."

Ta ɗaga ƙafa, na gani da idona. Sai ta dubi bencin gaba. A can ƙarshensa matar wan Baba ce zaune, tsohuwar da ta karɓe ta ranar da aka kawo ta amarya, wadda har gobe Mama ba ta kiran sunanta. Ta mayar da ƙafar.

"Ɗana, ba zan iya ba su baya ba. Daga nan ma za a ji."

Na bar bakin ƙofa inda aka ajiye ni, na je na kama hannunta. Na ce mata a kunne, "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Me ya kawo ki Jos?" Ta fizge hannunta, ta ce in koma wurina kada in ba ta kunya a gaban mutane. Na dubi tsohuwar, ko za ta ce mata je ki. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Amma baiwar Allah tana can tana fama da ɗankwalinta da ke zamewa, ba ta ma san ana yi ba. Mai gabatarwa ya dubi agogo, ya ɗaga kafaɗa, ya sa aka miƙa wa Mama abin magana a kan sanda ta saman kawunan mutane.

Ta yi waƙa ranar yadda ban taɓa jin ta yi ba. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina tafasa. Na yi fushi da ita, da tsohuwar, da mai hoda, da wanda ya fara cewa ba a ba wa manya baya. A jirgi muna dawowa ban yi mata magana ba sai da muka hango duwatsun Kagoro. Ita ce ta fara.

"Na'uran yana da ido babba," ta ce. "Ya kama ni. Na ga yana juyowa."

An ce mana za a nuna wata Lahadi, ba a ce wacce ba. Nan wahalar ta koma sabuwa. Mama da ba ta taɓa taka gidan Baba direba ba ta zama mai riga kowa zuwa. Tun rana da saura take aika ni in tabbatar gorar tana kallon Jos, abin da ya haɗa ta da matan da ke jiran telansu na Kaduna. Wata Lahadi aka nuna matan wata coci dabam. Wata Lahadi ruwan Kafanchan ya sauko, hoton ya zama yayyafi zalla, Mama ta tsaya cikin ruwa tana roƙon samari su ƙara juya gorar. Wata Lahadi aka ɗauke wuta, ta kwana biyu tana tambayar duk wanda ya sauko daga Jos ko su aka nuna. Ta rame. Baba ya lura, amma girman kai ya hana shi tambaya, sai dai ya riƙa cewa miya ba gishiri.

Ranar da aka nuna su, tsakar gidan ta cika har kan katanga. Mai farar riga ya fito ya ambaci garinmu, aka yi guɗa. Sai muryar Mama ta cika gidan, tas da ita, ba ko ƙura. Hoton ya fara daga matar pasto, ya bi bencin gaba a hankali, tsohuwa bayan tsohuwa, kowacce tana amshi da bakin da ba haƙora. Ya sauka kan masu tulu, ya daɗe a kan hannuwansu. Ya koma kan matar pasto. Mama ta miƙe tsaye, tana leƙawa ta gefe kamar za ta hango bayan mutanen da ke cikin akwatin. Sau ɗaya na'urar ta ɗan ɗaga, muka ga ƙololuwar ɗankwali a bayan kafaɗar matar wan Baba, da yatsun hannu a sama. Kafin in ce ga ta, an wuce.

Shirin ya ƙare. Aka juya gora aka kamo tela yana rarrafe ƙarƙashin tebur, gida ya ɗauki dariya. Mata suka yanyame tsohuwar, matar wan Baba, suna yi mata barka, ita kuma tana washe dasashi tana cewa ashe haka take da kyau. Matar Baba direba ta dafa Mama.

"Muryanki ya fita sosai, Maman yara. Kawai dai ba mu gan ki ba."

Muka ɗauki kujerunmu muka fito, magariba ta yi. Na ƙudurta ba zan ce na gaya miki ba, ko da yake maganar tana kan harshena. Mun yi nisa kafin ta yi magana, kuma da kanta take yi, ba da ni ba.

"Ba komai. Ya san muryana. Ko yana baya yana wanke kofi, zai ji. Wannan waƙa, ko cikin barci ya ji zai tashi."

Na ce haka ne, kuma har zuciyata na fara yarda.

Hanyar gida ta bi ta gaban wani ƙaramin otal da ke kusa da tasha, wurin da Mama kan tsallaka titi don kada ma zanenta ya ɗauki warinsa. Ranar ƙofarsa a buɗe take. Kiɗan garmaho yana tashi kamar zai tsaga kwanon rufi, mutane suna sha suna hayaniya. A can sama kan kanta, ga talabijin a kunne, wani mutum a ciki yana ta motsa baki, ba abin da ke fita. Mama ta ja ta tsaya. Ta daɗe tana kallo. Sai ta tsallaka kwata da kujerarta a hannu, matar zumunta guda, ta je har bakin ƙofar otal. Na bi ta da sauri. Wani ma'aikaci ya fito da tire, ya gan ta ya rusuna.

"Ɗana, akwatin ya lalace ne?"

"A'a Mama, lafiyansa lau. Mun kashe murya ne."

"Ɗazu da aka yi waƙan zumunta fa? Kun buɗe?"

Ya yi dariya, ba ta raini ba. "Waƙan coci a nan, Mama? Kostoma za su gudu. Sai lokacin kokawa ko labarai muke buɗewa."

"A Jos ma haka ne?"

"Ko'ina haka ne. Hoto kawai ake bari."

Ta yi masa godiya, har da sa masa albarka. Muka koma kan hanya. Jirgin yamma yana kuka a tasha, ba ta waiwaya ba. Da muka kai kwanar gidanmu ta miƙo mini kujerarta.

"Riƙe mini wannan," ta ce. "Hannuna ya gaji."