Kifin da Alhaji Ya Bari

Shekarar da gari ya rikice, maƙwabcinmu Alhaji, mai sayar da katako, ya kwashe iyalinsa daga Kabong ya koma can cikin gari. Ya bar wa Babanmu makullin gida da amanar ɗan tafkin siminti da ke bayan ɗakunansa, cike da karfasa. Su biyu suka haƙa shi da hannunsu. Kirsimetinmu da Sallarsu duk a bakinsa suke soya kifi suna gardamar ƙwallo.

"Malam, ka riƙe min su," in ji shi. "In gari ya lafa zan dawo."

Baba ya riƙe kuwa, fiye da yadda ya riƙe mu, ni dai haka na gani. Kullum da safe sai ya tsallaka da dusa a roba.

Da sanyi ya kama, rafuka suka janye, sai ga zalɓe. Wani dogon tsuntsu mai ruwan toka, wuya kamar mariƙin ludayi. Ya tsaya cikin ruwan da ƙafa ɗaya kamar mutumin kirki. Sanyin Jos kuwa kan sa karfasa ta yi laƙwas, ba ta iya gudu. Caraf! Ya haɗiye, ya sake tsayawa. Na tsani tsuntsun nan, har yau ban huce ba.

Baba ya kaɗa gwangwani, ya yi jifa, a banza. Daga ƙarshe ya haɗa mutum-mutumi, ya sa masa tsohuwar rigar sanyi da hular da Alhaji ya manta a rataye. Zalɓe ya yi ɗan hutu, ya dawo, har yana tsayawa a inuwarsa. Baba kaɗai abin ya kama. Na sha jin sa yana ce wa mutum-mutumin, "Alhaji, an tashi lafiya? Ya sanyi?" Mama ta yi ta masa tsiya, yana dariya. Ni ma na yi dariyar, amma kewar gidan nan ta ishe ni: hayaniyar 'ya'yansa, da ƙamshin masar Hajiya da ke tsallako katanga.

Shekaru suka shuɗe, kifi na raguwa duk lokacin sanyi. Abin da ke cin Baba shi ne da wane ido zai dubi Alhaji.

Wata Asabar sai ga shi, da wani baƙo a bayansa. Suka rungume juna, Baba har da hawaye. Ashe gidan ya zo sayarwa, baƙon ne mai saye.

Baba ya ja Alhaji gefe. "Alhaji, ka yafe ni. Kifin nan, na yi iya yina, 'yan kaɗan suka rage."

Alhaji ya dube shi. "Wane kifi, Malam?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, ya manta ne kawai. Ya tuna daga baya, ya yi ta godiya, ya ce mu soye abinmu.

Ba mu soya ba. Washegari zalɓe ya sauka, na ɗauki dutse. Baba ya riƙe min hannu.

"Ƙyale shi," ya ce. "Shi dai yana dawowa."