Goggon da Ta Ƙi Bin Kogi

Kakanninmu ne suka haƙa magudanar da ta jawo ruwan kogi zuwa gonaki, garin kuma ya kafu a gefenta: layin masu ɗinkin buhu, injin niƙa, da filin da manyan motoci ke lodin alkama. A nan aka haifi Goggo, yayar babana. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da gonarsa.

Shekarar da aka yi babbar ambaliya, kogin ya sauya hanya ya koma bayan tsauni, ya bar mana yashi. Ma'aikatan gona suka zo suka duba, suka ce alkama ta ƙare a nan, aka raba wa mutane filaye a bakin titi. Kowa ya shiga ɓalle kwanon ɗakinsa.

Baba ya kai mota har ƙofar gidanta. Ya same ta a tsakar gida tana tsince tsakuwa daga irin shuka.

"Yaya, ki tashi a kwashe kayan. Ba kowa a layin nan sai ke."

"To a yi mini shiru ma. Dama surutunku ya ishe ni."

"Da me za ki yi ban ruwa? Da yawu?"

"Kogin ne ya yi ƙaura, ba ni ba. Ni na goya ka, kada ka tsaya mini a kai."

Motar ta koma wayam.

Da sanyi ya shigo, ta ɗauki shebur ta sauka cikin mataccen kogin. Ta yi ta haƙa har yashi ya fara duhu, ruwa ya tsattsafo. Da bokiti take ɗauka, tana hawa gangare tana zuba wa ɗan fangalin alkamar da ta shuka, wanda bai fi faɗin tsakar gida ba. Da zangarniya ta fito, tsuntsayen yankin duka suka taru a kanta, don babu wata gona. Ta wuni tana buga gwangwani tana zaginsu har muryarta ta dishe. Abin da ta girbe bai cika buhu ba. Ko ƙwaya ba ta niƙa ba, ta mayar da shi iri.

Kogin bai dawo ba. Amma filayen bakin titi ba su yi alkama ba, tumatirin da aka shuka a can ma bai yi ba, sai ga maƙerin garin ya komo da injin jan ruwa daga ƙarƙashin yashin, wasu gidaje suka biyo shi. Kasuwar garin dai ba ta sake ci ba har yau.

Duk wanda ya komo, wurinta yake zuwa neman iri. Tana bayarwa, amma sai ya tsuguna ta tambaye shi yadda tumatirin bakin titi ya ƙare. Baba ma da ya zo, sai da ta sa ya yi sallama daga waje kamar baƙo.