Hoton Rabi a Allon Issufu

Shekara bakwai ke nan da aka binne Issufu a Magaria. Taubashina ne, ɗan kawuna. Ciwon hanta ya ɗauke shi tun bai kai arba'in ba. Ni ban yi lakkwal ba, karatun boko ke nan, faɗa nake ana rubutawa, kuma ban iya doguwar magana ba. Abu ɗaya zan faɗa a kansa.

Yana da shago kusa da tasha, ɗaki guda mai rufin kwano, da ordinatar, wato kwamfuta, a kan tebur. Yana buga wa mutane takardu, yana wanke musu hoton katin ɗan ƙasa. Allon ordinatar ɗin irin na da ne, mai ƙaton ƙeya, in kuran, wato wutar lantarki, ya yi rauni sai ya riƙa rawa. Duk sanda na shigo daga ƙauyenmu Guci, nan nake ajiye kayana. Yana hango ni zai ce, "Ga matata ta iso, a ɓoye tuwo." Ni kuma in ce, "Wane miji? Wanda ko hauya bai iya riƙewa ba?"

Shekarar da gero ya ƙi, ni da ƙanwata Rabi muka bi ayarin mata zuwa Aljeriya. Mota ta mutu a sahara. Ruwa ya ƙare. Masu sauran ƙarfi muka tashi da ƙafa neman rijiya. Rabi ƙafarta ta kumbura, ta tsaya wajen mota tare da wasu. Sojoji suka tsince mu, waɗanda muka rage. Na ce a koma, aka ce an tura wasu. Na dawo gida ni kaɗai.

Inna ta ƙi yarda. Abin da take faɗa kawai, "Wa ya ga gawa?" Ta hana mijin Rabi yin sadaka. 'Ya'yan Rabi ana ce musu uwarsu tana hanya. Ran kasuwa Inna takan zauna bakin hanya tana leƙa kowace mota har rana ta faɗi. Abinci ta daina ci sai an matsa. Na duba wuyanta wata rana, na san in ba a rufe maganar nan ba, za ta bi Rabi.

Bayan damina wani direba ɗan garinmu da ke aiki a arewa ya kawo hotuna a cikin kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar. Waɗanda suka binne mutanen motar ne suka ɗauka kafin su rufe su. Ya ba Issufu, don shi ke da abin dubawa. Mutane suka fara zuwa daga Mallawa da Dantchiao, kowa da wanda yake nema.

Issufu ya taɓa bayyana mini yadda abin yake. Hoton allo ƙananan ɗigo ne a jere, kamar tsabar gero a faifai. Akwai wurin da ake gaya wa ordinatar ɗigo nawa zai jera, da kala nawa zai yi aiki da su. In ka yawaita ɗigon, komai ya ƙanƙance ya fito tas, hoton duka ya shiga allo. In ka rage, komai ya kumbura, hoton ya fi ƙarfin allon, gefensa ya fita waje. In ka rage kalar kuma, fatar mutum ta zama faci-faci kamar bangon da aka yaɓe, ba ka gane komai sai siffa.

Ranar da na je, na ga hannunsa ya motsa kafin ya juyo mini allon. Allon ya yi baƙi, ya dawo. Mace ce kwance a yashi, daga kafaɗa zuwa gwiwa. Kan ya fita waje. Zanen shuɗi ne mai ganye-ganye, irin na Rabi.

Na ce, "Me ka yi wa hoton?"

"Haka ya zo."

"Ƙarya kake, taubashi. Na ga hannunka."

Ya janye hannunsa. Sannan ya ce, "Yaya Hajo, zanen ya isa." Bai taɓa ce mini yaya ba sai ran nan.

Zanen bai isa ba. Mata da yawa a Guci sun yanki irinsa wajen ɗan koli ɗaya, kuma wasunsu suna cikin motar. Rabi tana da tsagar gidanmu a kumatu, tana da wushirya. Dole wani ya duba fuskar. Na ce masa na kwana tsakanin gawawwaki, ba gilashi ne zai tsorata ni ba. Ya mayar da ɗigon da kalar yadda suke, ya tashi ya tsaya bakin ƙofa, ya ba ni baya.

Ba zan faɗi abin da rana da iska suke yi wa mutum ba. Tsagar tana nan. Wushiryar tana nan. Ita ce.

Yanzu kowa da salula a aljihu, kuma hotonta ya fi na allon Issufu fita. Bara maƙwabciyata tana surfe, jikanta ya miƙo mata waya, sai ga ɗanta da aka harbe a Libiya, har ƙudan da ke bakinsa ana gani. Wanda ya turo yana ganin taimako ya yi. Kafin azahar rabin gari sun gani. Nakan ce da Issufu yana nan me zai ce? Ina jin ba zai ce komai ba. Ba mai wa'azi ba ne. Zai nemi wurin ragewa ne a jikin wayar, in bai samu ba ya kifa ta.

Na koma Guci na gaya wa Inna. Ta ce sai ta gani da idonta. Ba yadda ban yi ba. Ran kasuwa na ɗauko ta a mota, ita da ba ta taɓa ganin ordinatar ba.

Issufu ya durƙusa ya gaishe ta. "Gwaggo, kin sha hanya. Zauna nan." Ya ba ta kujerarsa. Ya riga ya rage komai kafin mu shigo. Wannan karon ya ɗan jawo hoton ƙasa, har kan ya shigo allo, amma da 'yar kalar da ya bari fuskar inuwa ce kawai, kwance a gefe, da ɗankwali. Zanen ne ya fito sosai.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta taɓa gilashin wajen kafaɗa. Ta ce, "Me ya sa ba na ganin idonta?"

Issufu ya ce, "Injin ne ya tsufa, Gwaggo. Iyakar ƙarfinsa ke nan."

Ta gyaɗa kai. "Kamar mai barci."

Muka yi wa Issufu sallama. A mota, mun wuce gonakin bayan gari, ta kama hannuna ta ce, "Hajo, ke ma haka kika gan ta?" Na ce, "Haka, Inna." Washegari ta aika a kira mijin Rabi, ta ce ya tara malamai. Ita da kanta ta zaunar da yaran ta gaya musu. Ran nan ta ci tuwo.

Shagon yanzu wani ke sayar da taya a ciki. Ordinatar ban san inda ya ƙare ba. Issufu bai bar gida ba, bai bar gona ba, ɗiya ɗaya ya bari, tana wajen dangin uwarta. In an tambaye ni me ya rage nasa, ga abin da na sani: Inna ta ƙara shekaru a duniya, ta ga auren babbar 'yar Rabi, kuma har ta koma ga Allah, duk sanda aka ambaci Rabi cewa take, "Ai na gan ta. Barci ne ya ɗauke ta."

Allah ya jiƙan Issufu, ya sassauta masa yadda ya sassauta wa tsohuwar nan.