Hoton da Kawu Ya Kawo daga Rasha

Jiya ina share ɗakin marigayi Kawu na ci karo da hoton da ya dawo da shi daga Rasha, inda ya yi karatun likitan dabbobi: Barashe da ɗan Yukren sun rungumi juna. Har yanzu takardar tana warin maganin shanu.

Muna yara, in muka yi faɗa da yayana, gaban hoton Kawu yake tsayar da mu. Yakan ce, "Waɗannan gwamnatin kwaminis ce ta zana musu zumunci. Naku na jini ne. Ku je ku ci tuwo kwano ɗaya."

Yau ƙasashen suna yaƙi. Yayana yana nan Damagum, amma ko gaisawa ba ma yi.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Ni kuma Ya ba ni zuciyar kai masa kwanon.